Bishiyar da Muka Bari a Bakin Rafi

A Tilbeck, in aka haifi yaro sai rafi ya sani. Ranar da aka dawo da jariri daga asibiti, uban zai saro reshen wilo, wata bishiyar bakin ruwa, mai kaurin ƙotar shebur, ya gangara bakin ruwa ya caka shi a laka, ya tattake wurin da takalmi, shi ke nan an gama. Wilo ba ta da wuyar sha'ani, ko a juye ka caka ta sai ta kama. Wani fasto ne ya kawo mana wannan al'ada tun ina 'yar makaranta, wai Ingila ta yi ƙarancin itatuwa. Mu kuwa mutanen Tilbeck in muka kama abu ba mu san saki ba. Fasto ya tsufa ya mutu, mu muna nan muna ta caka sanduna. Har ta kai ba ma cewa bishiyar wane, sunan kawai muke kira. Za ka ji an ce tunkiya ta maƙale a ƙarƙashin Donna, ko iska ta karya wa Duncan hannu, kuma ba mai dariya don kowa ya gane.

Ni ba a dasa mini ba, na riga al'adar zuwa duniya. Sunana Glenda. Na ƙare ƙuruciyata a bayan kantar gidan wayar garin kafin a rufe shi, kuma ana cewa ina da baki. Ina da shi. Da na yi ritaya sai na rasa wanda zan yi wa faɗa, shi ya sa na karɓi shugabancin 'yan sa-kai masu kula da rafi.

Abin da ya tara mu ɓeran ruwa ne. Kada wanda ya yamutsa fuska, ba ɓeran kwata nake nufi ba. Wannan ɗan dunƙulalle ne, launin ƙasa, hanci a dakushe, kunnuwa sun ɓuya cikin gashi. Ciyawa yake ci, yana zaune ya riƙe ta da hannu biyu kamar tsohuwa da kofin shayi. Muna yara ba ka bin bakin rafi ba ka ji tsundum, tsundum ba, suna faɗawa ruwa a gabanka. Sai aka wayi gari shiru. Muka ɗora laifin a kan mink, dabbar nan mai kama da tunku da ta tsere daga hannun masu kiwonta don fata, muka yi ta ɗana mata tarko har muka ga bayanta. Ɓerayen ba su dawo ba. Gida biyu suka rage, ɗaya can sama wajen tsohuwar gada, ɗaya ƙasa a makiyayar shanu, tsakaninsu kuwa ko kashinsu ba ma gani. Ni da ke ƙyamar kashin kyanwata, ga ni durƙushe a laka ina neman na ɓera, in na samu har tafi nake yi.

Tamsin, yarinyar da ƙungiyar kare namun daji ta turo mana, ita ta faɗa mana abin da ba mu zata ba. Ta bi rafin daga sama har ƙasa, ta dawo zauren coci inda muka taru, ta cire takalman robarta a bakin ƙofa.

"Bishiyoyinku ne," in ji ta. "Sun haɗe kai sun rufe rafin ruf. Rana ba ta sauka, ciyawa ta mutu, gaɓar ta zama tsirara. Ɓeran nan kuwa ba ya ratsa fili, ya san mujiya da zalɓe na jiransa. Na sama ba sa kaiwa ga na ƙasa, kowane gida yana ƙarewa shi kaɗai."

"To yaya za mu yi, mu kashe 'ya'yanmu?" wani ya jefo daga baya.

"Aski za ku yi musu. A sare su daidai gwiwa yanzu da sanyi, kafin tsuntsaye su fara sheƙa. Wilo ba ta mutuwa don an sare ta, tofo za ta yi."

Na shirya wa faɗa, har na naɗe hannun riga, sai kawai zauren ya ɓarke da dariya. Donna ta ce a fara da mijinta Duncan, da ma ya fi kowa tare hanya. Duncan, wanda yake da injin yankan itace kuma shi zai yi aikin, ya ce ba komai, amma ita ce ta biyu. Kowa ya yarda da tasa. Ban taɓa ganin mutanen Tilbeck sun amince da abu kafin shayi ya huce ba sai ranar.

Sai Tamsin ta ce, "Akwai wata babba a kwanar rafin, ita kaɗai inuwarta ta kai ta bishiya uku. Ta wa ce?"

Zauren ya yi tsit. Yayata Marion tana ɗakin girkin zauren, ta 'yar tagar da ake miƙo shayi muka ji ƙarar kofunan da take wankewa ta ɗauke. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Wata ta tambaya ko akwai sauran biskit. Tamsin ba wawiya ba ce, ta wuce zuwa wata magana.

Ta Robin ce. Ɗan Marion ɗaya tilo, sanƙarau ya ɗauke shi yana shekara goma sha ɗaya, yau shekara talatin da 'yan kai. Mijinta ya bi shi daga baya. Tun daga ranar jana'izar yaron muka yi wa Marion abin da muka iya. Muka kai mata abinci, muka gyara mata rufi, muka yanke mata ciyawar ƙofar gida, muka kuma daina ambaton sunansa. Ba wanda ya ce a daina. Haka muke a garin nan, in abu ya yi ciwo sai mu ɗora butar shayi mu kama maganar ruwan sama. Ni ƙanwarta, mai bakin nan da ake faɗa, ni ma ban ƙara furta shi a gabanta ba. Ina son yaron nan kamar raina, kuma ina tsoron abin da zan gani a fuskar yayata in ta ji sunan.

Da aka tashi, Duncan ya tare ni a waje yana murza hularsa. Benci ɗaya suke zama da Robin a makaranta.

"Anti Glenda, waccan fa..."

"Na sani."

"Ni dai ba zan taɓa ta ba."

"Wa ya ce ka taɓa?"

Iyakar shawarar ke nan. Washegari na zaga da gwangwanin jan fenti ina yi wa kowace bishiya alama. Da na iso kwanar na ɗauke kai na wuce, ina jin kaina mutuniyar kirki.

Asabar ɗin farko ta Janairu gari ya fito kwansa da kwarkwata. Sanyi na cizon kunne, amma har waɗanda suka koma birni sun zo da yaransu don su ga an kayar da iyayensu. Nan take Duncan ya ƙirƙiro tasa al'adar. Kafin ya yi yankan ƙarshe sai ya ɗaga kai ya daka tsawa da sunan mai bishiyar.

"A kauce! Ga Donna nan tafe!"

"Da ma ba ta taɓa shiga wuri a hankali ba!" in ji ƙanenta.

"Ku matsa, Keith zai kwanta!"

"Aikinsa ke nan tun yana cikin zani!" Uwar Keith ce da kanta ta faɗi wannan, tana dogare da sanda, shi kuwa direban bas ne mai 'ya'ya uku da sanƙo.

Haka aka yi ta yi. Mai bishiya zai tsaya ya sha tsiya, a kayar da shi, ya loda itacensa a mota ya kai gida don murhu. Mu 'yan sa-kai muna janye rassan nesa da gaɓa, kada a danne ramukan da suka rage. Marion ta zo da babbar tukunyar miyar dankali, ta zuba wa kowa, ta yi dariya inda ake dariya. Na lura idonta na yawan zuwa kwanar. Na ce a raina, baiwar Allah, fargaba take yi, bari ta ga mun san ya kamata.

Asabar uku muka yi muna wannan aiki. Yammacin ta ƙarshe na miƙe daga durƙuso na dubi rafin, na ga rana kwance a kan ruwan da na manta launinsa. Kututture jere a gaɓa biyu, duk daidai gwiwa. A tsakiyarsu kuma ga bishiya guda ta miƙe har sama. Da can cikin 'yan uwanta take, ba mai bambanta ta. Yanzu daga ƙofar coci ana hango ta, daga tashar bas ana hango ta, daga tagar ɗakin girkin Marion kuwa ba abin da za ka gani sai ita. Tamsin ta daɗe tana kallonta. Ta ce inuwar za ta bar wa ɓerayen giɓi mai faɗi a daidai inda suka fi bukatar maɓoya, amma mu muka san garinmu.

Washegari Marion ba ta zo coci ba. Na ce mura ce. Kwana suka shuɗe labulen ɗakin girkinta a sake, ita da ke buɗe shi tun kafin mai madara ya wuce. Na gasa kek ɗin lemo na ɗauka na tafi, don ni ban iya zuwa tambaya hannu rabbana ba.

Na same ta zaune a duhu da rana tsaka.

"Yaya, wa kike ɓuyar wa haka?"

"Ajiye kek ɗin ki tafi."

"Ba inda za ni."

Ta tashi ta fizge labulen har sandarsa ta yi ƙara. "To duba. Duba abin da kuka yi mini."

"Haba Yaya, bar miki ita muka yi. Ko reshe ɗaya ba wanda ya taɓa."

"Ai na gani. Wa ya tambaye ni?"

Marion ba ta ɗaga murya. Tun muna yara ni ce mai ihu, ita ce mai kallo. Ranar ma ba ta ɗaga ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Shekara talatin, Glenda, in na leƙa tagar nan ina ganinsa cikin 'yan ajinsu. Ga Duncan, ga Donna, ga Keith, ga nawa a tsakiya, sun yi tsawo tare. Nan kaɗai ya rage masa da ba a ware shi ba. Asabar uku ina tsaye da ludayi a hannu ina jira a zo kansa. Ina jira in ji yaron nan ya daka tsawa da sunansa, wani ya yi masa tsiya kamar kowa. Har na tanadi abin da zan ce. Sai kuka tsallake shi, kuka bar mini kabari a tsaye a tsakiyar gari."

Kunya ta rufe ni, da wani baƙin ciki da ban san yana nan ba.

"Mun ɗauka..." na fara.

"Kun ɗauka. Kullum cikin ɗauka kuke. Rannan a zaure ina ji yarinyar nan ta tambaya ta wa ce. Na tsayar da wanke-wanke ina jira. Sai na ji ana neman biskit." Ta juyo ta dube ni. "Faɗi sunansa."

"Yaya..."

"Ke kika fara ɗaukarsa a asibiti kafin ubansa. Faɗi."

"Robin," na ce. Hawaye suka biyo sunan, ni tsohuwa da ni ina kuka a tsakiyar ɗakin girki riƙe da kek.

"To ga shi ba ki mutu ba, ni ma ban mutu ba," in ji ta, tana share nata idon da gefen riga. "Yanka kek ɗin nan. Kuma ki gaya wa Duncan ranar Asabar nake so, da kowa da kowa."

Na sami Duncan a rumfarsa yana wasa haƙoran injin. Da ya ji saƙon sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Anti, don Allah ki nemo wani daga birni."

"Kai take so."

"Hannuna rawa zai yi."

"Ya yi mana! Ƙato da kai, ka kayar da rabin garin nan kana dariya. Watan gobe tsuntsaye za su fara sheƙa, in muka wuce sai baɗi. Kana so ta shekara da labule a sake?"

Ya koma wasa haƙoran injin. Can ya ce zai zo.

Ranar Asabar mutane suka zo kuwa, amma ku ji mutanen Tilbeck. Kowa ya sa baƙar rigar sanyinsa ta zuwa coci. Suka jeru a gaɓa shiru, maza sun cire huluna, ana magana ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, sai dai ban da bakin faɗa, don ni ma baƙar ce a jikina.

Marion ta gangaro cikin rigar ruwanta ruwan ɗorawa, tukunyar miya a hannu ɗaya, gwangwanin fentina a ɗayan. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu? Keith, mayar da hularka, sanƙonka na kashe mini ido."

Aka ɗan yi dariya a tsorace. Ta je da kanta ta shafa wa bishiyar jan fenti, ta dafa ta da tafin hannu na ɗan lokaci, ta ja da baya ta tsaya kusa da ni.

Duncan ya tada injin. Ya yanka gaba, ya zagaya baya, da ya zo yankan ƙarshe ya ɗaga kai ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa.

"A kauce!" Muryar ta karye masa. "A kauce, Robin zai sauko!"

Sunan ya tsaya a tsakaninmu, kowa na jiran wani. Sai Marion ta haɗa hannu biyu a baki, ta ƙwala kira da muryar da duk wanda ya tashi a layinmu ya sani, muryar da take kiran yaron da ita in magariba ta yi yana bisa wata bishiya.

"Ka sauko haka nan! Abinci ya huce!"

Bishiyar ta yi ƙara, ta karkata a hankali, ta tafi. Kanta ya daki ruwa, laka ta tashi, kuma duk cikin jama'ar nan ba wanda ta zaɓa sai ni. Tun daga gashi har takalmi.

"Bai canza ba!" Donna ta yi ihu, tana dariya tana kuka. "Da ma Anti Glenda yake hari kullum!"

Nan wurin ya ɓarke. Marion ta riƙe ciki tana dariya har sai da na tallafe ta, ina zaginta ina share laka daga ido. Rana ta sauka a kwanar. Tamsin ta tsuguna ta damƙi ƙasar gaɓar ta ce kafin Mayu ciyawa za ta rufe ta. Gaskiyarta kuwa, kuma shekarar da ta biyo baya na tsinci kashin ɓera a daidai wurin, da guntayen ciyawa da aka yanka a karkace irin yankansu. Amma wannan daga baya ne.

A ranar dai muka zauna a kan gungumen muna shan miya. Duncan ya zo ya zauna gefen Marion, ya daɗe yana juya cokali.

"Maman Robin," ya ce.

Na ji ta ɗauke numfashi. Rabon da a kira ta da wannan suna tun yaran nan suna buga mata ƙofa da ƙwallo a hannu.

"Na'am," in ji ta.

"Kin tuna ranar da aka sami ɓeran ruwa a aljihun teburin malamar lissafi? Aka kore ni gida, babana ya hana ni fita har hutu ya ƙare?"

"Na tuna. Har na ce wa Robin ya rage yawo da kai."

"To shi ne. Shi ya kama shi a nan kwanar da takalmin roba, ya sako shi a kwanon abincin da kika zuba masa. Ni riƙe murfi kawai na yi, dabbar ta cije ni." Ya miƙo babban yatsansa. Ga ɗan farin tabo nan a gefen farce. "Ya yi mini alkawarin kekensa na mako guda in na rufa masa asiri. Har yau bai ba ni ba."

Marion ta ajiye kwanonta. Ta kama yatsan da hannu biyu ta kawo shi kusa da ido, tana shafa tabon. Shekara talatin tana juya labaran da take da su na ɗanta, ba ta sami sabo ko ɗaya ba sai yau.

"Ɗan banza," ta ce a hankali, fuskarta duk hawaye, tana murmushi. "Ya dawo ya ce mini abincin ya yi daɗi." Ba ta saki yatsan ba. "Sai kuma me ya yi?"

Duncan ya gyara zama. Kafin ya buɗe baki Keith ya matso ya ce ai shi ma yana da na tagar coci da aka fasa. Donna ta ce a bari ta fara, nata ya fi muni, don har da wasiƙar soyayya. Uwar Keith ta buga sandarta a ƙasa tana cewa ita fa tuffarta ta ƙare a hannun yaron nan. Ashe kowa yana da nasa da ya ɓoye mata duk shekarun nan, ni ma ina da nawa.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Marion, ta ɗaga hannu. "Kada ku haɗa mini baki. Duka nake so."